Bayan jinya, wane keke ne zai ɗauke ka?

Kekuna uku ne a jingine a zaurenmu ranar da aka sallamo ni daga asibiti bayan an yi mini aikin ƙaba. Akwai Raleigh na mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, wanda ya girmi autanmu. Akwai baƙin keken dako da nake kai gero niƙa da shi, in ɗauko taki a kansa daga kasuwar Gujungu ran Lahadi. Sai wani ɗan gwanjo mai giya da na saya don zuwa makarantar da nake koyarwa, mai miƙaƙƙen kai wanda sai ka duƙa kake kama shi. Wata huɗu ina wuce su in tafi masallaci, in wuce su in shiga gida. Da likita ya ba ni izinin komawa kan keke, sai na tarar cikin ukun babu wanda zan hau in je in dawo ban kwana ina juyi ba. Ƙugu ya riƙe, wurin ɗinki yana ja, ga hawan jinin da aka gano mini a wannan kwanciyar.

Na san ba ni kaɗai ba ne. Tun ranar 29 ga Mayu, 2023, da aka sanar da cire tallafin man fetur, litar da ba ta kai naira 200 ba ta doshi 500 cikin 'yan kwanaki, daga baya ta tsallake 1,000, dattawa da yawa a ƙauyukanmu suka jingine babur suka kakkaɓe tsohon dokin ƙarfe. Keken yana nan yadda aka bar shi, mai hawansa ne ya canja. Wanda ya ajiye shi yana ɗan shekara 35 shi ne ya dawo masa yana da 58, da sukari ko hawan jini, da gwiwa mai ƙara in zai tashi daga sujada. Sai ya hau kwana uku, jiki ya ƙi, ya yanke cewa shi da keke sun yi hannun riga. Sau da yawa an yi gaggawar yanke wannan hukunci. Wancan keken ne bai dace da jikinsa na yau ba, kuma akwai wanda zai dace.

Wuri uku jikin mutum yake taɓa keke: tafin hannu, mazaunai da tafin ƙafa. Duk nauyinka a nan yake rabuwa, kuma ƙirar keken ce take yin rabon. Idan kan keken ya yi ƙasa, ya kuma yi nisa da sirdi, dole ka sunkuya ka miƙa hannu. Wani kaso na nauyinka sai ya koma kan wuyan hannu da kafaɗa, ƙugu ya lanƙwashe, ciki ya matse, sannan don ka ga hanya sai ka ɗaga haɓa, wuyanka ya yi ta zama a karye baya har ka isa. Masu tsere da gangan suke zama haka, domin iska suke ratsawa, kuma sunkuyon yana ba cinya damar zuba ƙarfi. Shi kuwa keken nan mai faɗin taya da giya barkatai, irin ɗan gwanjona, a Kaliforniya ta Amurka aka faro shi cikin shekarun 1970, matasa suka tsara shi don gangarowa daga kan duwatsu. Da ya tsufa a can aka loda shi a kwantena ya iso mana. Malamin firamare mai tafiyar kilomita shida a kan turɓaya ba ya cikin lissafin waɗanda suka ƙera shi.

Tun kafin jinyar ma jikina yana gaya mini, ni ne ban saurara ba. Nakan isa makaranta ɗan ƙaramin yatsana da na kusa da shi sun mutu, sai na yarfe hannu kafin in iya riƙe alli. Akwai jijiyar da ta bi ta gindin tafin hannu ta je waɗannan yatsu biyu, ita ce nake dannewa da nauyina tsawon tafiyar. A keken da ake zama a miƙe wannan duk ba ya tasowa. Kansa ya ɗara sirdi tsayi, ya lanƙwaso baya ya taro ka, kafaɗa a sauke, gwiwar hannu a sake, ido a kan hanya ba tare da ka wahalar da wuya ba. Kana ganin akuyar da za ta ƙetare tun daga nesa, kana amsa sallamar mutanen da ke zaune a gindin darbejiya.

Wani zai ce ai wannan shi ne keken iyayenmu, kuma gaskiyarsa. Siffar keke mai ƙafa biyu kusan daidai da juna da sarƙa zuwa ƙafar baya ta zauna tun 1885, lokacin da John Kemp Starley ya fito da nasa a garin Coventry na Ingila, sai John Boyd Dunlop ya kawo tayar da ake hura wa iska a 1888. A kan wannan tsari kamfanin Raleigh na Nottingham ya yi suna, har ya taɓa kafa masana'anta a Bompai cikin Kano. Daga baya Phoenix na Shanghai da Hero na Ludhiana a Indiya suka cika kasuwanninmu da irinsa: baƙi, mai taya inci 28, birkin sanda, sirdi mai sifirin, da kariyar da za ta ɗauki buhu. Zamansa a miƙe ne, ba shakka. To me ya hana ni hawan guda biyu irinsa da nake da su a zaure? Abu uku ne: ƙarfen tsakiya, wato wanda ya miƙe daga ƙasan sirdi zuwa wuyan keke, nauyin jikinsa da yakan kai kilo 20 ko fiye, da nauyin fedarsa.

Kafin in shiga waɗannan, akwai gyara ga masu cewa zama a miƙe maganin kowane ciwon baya ne. Idan ka miƙe, nauyin da ya bar hannunka kan sirdi ya koma, kuma kowane rami da ƙafar baya ta faɗa kai tsaye yake hawa ƙashin bayanka, babu hannu ko cinya da za su rage masa ƙarfi. Sannan ciwon bayan ma iri-iri ne. Mai matsalar faifan da ke tsakanin ƙasusuwan baya yawanci sunkuyo ne yake tayar masa da ciwo. Akwai kuma dattawan da hanyar jijiyoyi a cikin ƙashin bayansu ta ƙuntace. Su tsayuwa da tafiya ne suke saukar musu da ciwo har cinya da ƙwauri, in sun ɗan duƙa ko sun zauna sai ya lafa. Irin wannan mutum ɗan karkatowa gaba kaɗan ya fi masa daɗi a kan miƙewa sak. Saboda haka ka tambayi likitan da ya duba ka wane iri ne naka, kuma kada ka sayi keke a tsaye. Ka hau shi.

Ƙarfen tsakiya shi ne ya kayar da ni, domin shi yake hana a zura ƙafa ta gaba. Dubi yadda muke hawan keke tun muna yara: ƙafar hagu a kan feda, ka tura sau biyu, ka wurga ta dama ta bayan sirdi, ta saman kariya. Cikin wannan ɗan lokaci kana tsaye da ƙafa ɗaya a kan abin da yake tafiya, ƙugu a murɗe, ciki a ɗaure tamau. Mai lafiya bai ma san yana yi ba. Wanda aka yi wa ɗinki a mara kuwa, ko mai ciwon kwatangwalo, ko wanda maganin hawan jini yake sa shi jiri in ya miƙe da sauri, nan ne wurin haɗarinsa, a ƙofar gida, kafin a ce an fara tafiya. Ni wajen sauka ne. Na tsaya a bakin zaure da keken dako, na ɗaga ƙafa ta ƙi kaiwa inda ta saba, gefen rigata ya maƙale a sirdi, muka zube ni da shi. Allah ya tsare, gwiwar hannu ce kawai ta ƙuje. Amma na daɗe zaune a ƙasa ina dafe da marata, ina jiran in ji ko wani abu ya ɓalle a ciki.

Washegari na je wurin mai gyaran keken garinmu, wanda ya fi shekara 30 a ƙarƙashin rumfa ɗaya. Ya saurare ni yana goge hannu da tsumma, sannan ya nuna wani ɗan Japan da aka kawo masa faci, mai kwando a gaba, ƙarfensa ya gangaro ƙasa kusa da feda.

"Malam, taka wancan ka je bakin rijiya ka dawo."

Na ce, "Haba maigida, ai na mata ne."

Ya ce, "Malam, ƙarfe bai san mace ba, bai san namiji ba. Taka dai."

Na zura ƙafa ta gaba kamar mai tsallake dokin ƙofa, na zauna, na tafi. Da na dawo na tsaya, sai kawai na zamo gaba na dire ƙafa biyu a ƙasa, babu abin da ya tokare ni.

Sunan nan na "keken mata" ya hana dattawa da yawa abin da zai amfane su, kuma abin yana ci mini rai. Asalinsa dai a Turai aka sauke ƙarfen don matan da ke sa dogayen riguna su iya hawa. To wa ya kai mu doguwar riga? Bahaushe mai kaftani har ƙwauri, ko mai babbar riga ran Juma'a, ya fi kowa buƙatar wannan ƙira. A Holan da Japan maza magidanta suna hawansa zuwa aiki kullum babu mai waiwayensu. Sati biyu aka yi ana tambayata ko na uwargida na aro, daga nan maganar ta mutu, yanzu kuma dattawa biyu a unguwarmu sun bi sahu. Aibinsa na gaskiya ɗaya ne, kuma ya kamata a faɗa: rashin ƙarfen saman nan yana rage masa tauri. In ka ɗora masa buhun masara za ka ji yana lanƙwasa yana rawa a ƙarƙashinka. Ba keken dako ba ne. Amma wanda aka yi wa aikin ƙaba ai dama an raba shi da cicciɓar buhu na wani lokaci, wani ma har abada.

Sai tsayin sirdi, inda kusan kowa yake kuskure bayan jinya. Tsoron faɗuwa yana sa mutum ya sauke sirdi ƙasa sosai don ƙafarsa ta taka ƙasa yana zaune. Hankali ya kwanta, gwiwa ta shiga uku, domin duk juyin feda a naɗe take turawa, kamar mai tashi daga tsuguno sau ɗari. Awon mai sauƙi ne. Ka jingina da bango, ka zauna a sirdi, ka sauke feda ɗaya can ƙasa, ka ɗora diddige a kanta. Ƙafar ta miƙe sak ba tare da ka karkata ƙugu ba. In ka mayar da gaban tafin ƙafa kan fedar, yadda ake tuƙi, gwiwa za ta ɗan lanƙwasa kaɗan, wannan shi ne daidai. In tsoro bai sake ka ba, ka fara da ƙasa da haka kaɗan, kana ɗagawa da faɗin yatsa duk mako. A keke mai saukakken ƙarfe ba ka buƙatar taka ƙasa daga kan sirdi, tunda zamowa gaba kake yi. A kula kuma, jikin ƙarfen sirdi akwai layin da aka zana na iyaka, kada a zaro shi ya wuce nan.

Shi sirdin kansa, mai zama a miƙe yana son mai faɗi, mai sifirin a ƙasa, wanda ƙasusuwa biyu na mazaunai za su zauna a kai. Laushi da yawa yaudara ne. Soso da tsummokaran da muke naɗawa suna nutsewa a inda ƙashi ya danna, su taso a tsakiya su matse inda bai kamata a matse ba. Dattijon da ke fama da fitsari, ko wanda gabansa yake dusashewa in ya daɗe a kan keke, ya dubi wannan da kyau, ya kuma tabbata hancin sirdin bai ɗaga sama ba. A kwance ake son sa, daidai da ƙasa.

Nauyin feda kuwa lissafi ne, kuma a nan ne kuɗi kaɗan yake yin aiki babba. Sarƙa tana zagaye faranti biyu masu haƙora, babba a wajen feda, ƙarami a ƙafar baya. Ƙirga haƙoran. A ce na gaba 46 ne, na baya 18. Duk juyi ɗaya na feda ƙafar baya za ta juya sau biyu da rabi da ɗan ɗoriya, a taya inci 28 kuwa wannan ya kai tafiyar mita 5.7. A kan kwalta daɗi ne. A cikin yashi kuwa, kuma kowa ya san daga jigayin yashi jiharmu ta Jigawa ta samo sunanta, sai ka miƙe tsaye a kan feda, ka riƙe numfashi, ka yunƙura. Wannan yunƙurin da numfashi a riƙe shi ne yake ƙara matsi a cikin ciki, yake kuma harba jini sama nan take, wato ainihin abu biyun da aka ce in guje wa. In aka canja na bayan aka sa mai haƙora 22, juyi ɗaya ya koma kamar mita 4.7, ƙarfin da ƙafa take sawa ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin biyar. Sai a ƙara wa sarƙa ɗan tsayi, shi ke nan. Za ka rage gudu, za ka ƙara yawan juyi, gwiwa da mara su huta. Ko wanda bai da halin sayen wani keke ya yi wannan gyara a kan nasa.

Giya mai yawa tana yin wannan aikin, amma sai mai gyaran garinku ya iya ta kuma kayanta suna samuwa. Wadda take rataye a waje ƙura da yashi suna cinye ta. Wadda take rufe cikin cibiyar ƙafar baya, mai hawa uku, irin ta wasu 'yan Japan, tana daɗewa, sai dai ran da ta lalace sai an nemi kayanta a Kano.

Maganar samun kaya ta kawo mu ga taya, inda na ga mutane sun yi asara. Lambar da aka rubuta a jikin taya tana ruɗi. Inci 26 na keken duwatsu da inci 26 na ɗan Japan ba ɗaya ba ne: faɗin gargaren na farko milimita 559 ne, na biyu 590, tayar wannan ba ta shiga wancan. Na iyayenmu mai 28 kuwa 635 ne, kuma shi ne babu kasuwar ƙauyen da za ka rasa tayarsa da tub ɗinsa. Kafin ka biya kuɗi, karanta lambar, ka je ka tambayi mai sayar da kayan keke mafi kusa da kai ko yana kawo ta. Faɗin taya ma abin dubawa ne. Siririya tana nutsewa a yashi kamar wuƙa, mai faɗi tana bi ta sama, kuma in ba a cika mata iska ta yi tauri kamar dutse ba tana shanye girgizar da za ta hau bayanka. Sai tsidau, wanda duk mai bin hanyar gona bayan damina ya san shi. Mai lafiya in ya yi faci sai ya tura keke kilomita uku yana mita. Mai jinya kuwa turin nan cikin rana shi ne abin tsoro. Dabarar masu gyara ta yanka tsohon tub a shimfiɗa shi cikin taya kafin a sa sabon tana rage wannan, kuma ɗan famfo a ɗaure a kariya ya fi ƙarfin kuɗinsa.

Ran saye ka tafi da mai gyara, ka biya shi ladan ranarsa. Ya ɗaga kowace ƙafa ya juya a ga ko tana rawa. Ya kama birkin gaba ya jijjiga keken a ji ko wuyansa yana ƙwas-ƙwas. Ya duba duk mahaɗar ƙarfe, musamman inda aka shafa sabon fenti, don nan ake ɓoye tsaga da walda. Ya tsaya ta gefe ya dubi ƙarafa biyun da suka riƙe ƙafar gaba, in sun koma baya to keken ya taɓa karo. Kai kuma naka shi ne birki: ka matsa da hannun da ya fi rauni, ka ga ko zai tsayar da kai. Birkin sanda a kan gargaren ƙarfe yana sanyi in ya jiƙe, a san da wannan da damina.

Duk wannan bayan izinin likita ne. Shi ya san abin da ya ɗinke, shi zai faɗi makonnin da za a jira. Hukumar Lafiya ta Duniya, a jagorar da ta fitar a 2020, ta ce baligi ya samu minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsa jiki a mako, har da masu hawan jini da sukari gwargwadon ikonsu. Minti 30 sau biyar ke nan, amma ba ranar farko ake kaiwa can ba. Ni da minti goma na fara, bayan sallar asuba, daga gida zuwa makabarta in juyo. Ma'aunin da aka koya mini shi ne magana: in kana tuƙi kana iya gaisawa da mutum cikakkiyar gaisuwa, kana daidai, in numfashi ya hana ka haɗa jimla, ka sassauta. Ciwon ƙirji, jiri, ko ganin duhu-duhu, a sauka nan take a nemi asibiti. A watannin Maris da Afrilu, da zafi yake haura digiri 40, tsakar rana ba ta mai hawan jini ba ce. Mai sukarin da yake shan magani ko allura ya sa dabino a aljihu saboda sukarin yana iya faɗuwa a hanya, ya sa rufaffen takalmi, ya duba tafin ƙafarsa in ya dawo. Wanda ya yi shanyewar ɓarin jiki kuwa, ko mai jirin da ba ya jin magani, ƙafa biyu ba tasa ba ce tukuna. Akwai mai ƙafa uku, sai dai yana son hanya mai faɗi, kuma yana kifewa in an sha kwana da gudu.

Yanzu sai rabuwa da tsofaffin, wanda ya fi sayen sabon wuya. Na yi wata biyu ina cewa bari dai in ƙara warwarewa. Abin da nake riƙe da shi a zauren nan fata ne cewa zan koma mutumin da yake ɗauko buhu biyu daga Gujungu. Su kuwa kekunan ba sa jira. Taya tana saki ta tsattsage a inda ta zauna, sarƙa ta yi tsatsa ta ƙage, giris ya bushe a cikin boris, yara su kwance ƙararrawa, wani ya ari feda ɗaya bai dawo da ita ba. Keken da aka jingine shekara biyu ba ya yin kuɗin wanda ake hawa, in aka ƙara sakaci kuma sai 'yan gwangwan, su kuwa a kan sikeli suke saye, kilo-kilo, babu ruwansu da sunan kamfani.

Lokacin sayarwa yana da tasiri ƙwarai. Daga Yuni zuwa Agusta kowa fitar da kaya yake yi don taki da abinci, masu sayarwa sun fi masu saye, sai a taya maka abin da zai ɓata maka rai. Da kaka kuwa, an cire gero da wake, an kai riɗi da zoɓo kasuwa, kuɗi ya shiga hannun manoma, matashi yana neman abin hawa zuwa fadama don noman rani. Nan ne keken dako yake da daraja. Mai giya kuma 'yan makaranta ne kasuwarsa, sai a nufi lokacin komawa makaranta bayan hutu. Ka wanke shi, ka sa wa sarƙa mai, ka hura taya, ka gyara birki. Iyakar kashe kuɗin ke nan, sabon fenti ba ya dawo da kuɗinsa, yana ma sa mai saye zargi. In ta hannun dillali ne, ku yanke la'adarsa tun kafin a fara, kuma ka tsaya a wurin a yi tayi a gabanka, ka ce albarka da bakinka, ka sallama da bakinka.

Keken dakona yana da walda a ƙasan wuyansa, tun wata shekara da na faɗa rami da kaya. An yi aikin da kyau, baƙin fenti ya rufe, sai wanda ya sani. Wani matashi ya taya shi da daraja, har dillali yana taka mini ƙafa. Na kama hannun yaron na ɗora yatsansa a kan wurin, na ce, "Ɗana, taɓa nan. Ya taɓa tsagewa, shekara shida ke nan bai motsa ba, amma ka riƙa dubawa, kuma kada ka haɗa masa buhu biyu." Ya rage tayinsa, na sallama. A shari'a dama mai saye yana da haƙƙin dawo da kaya in ya gano tsohon aibin da aka ɓoye masa, kuma hadisin Hakim ɗan Hizam da Bukhari da Muslim suka ruwaito ya ce masu ciniki in sun yi gaskiya sun bayyana za a sa albarka a cinikinsu, in sun ɓoye sun yi ƙarya a shafe ta. A keke abin ya wuce kuɗi. Wuyan da ya karye a gangare da kaya a baya, fuskar mutum ce take fara isa ƙasa.

Mun rubuta 'yar takarda, da lambar da aka buga a jikin ƙarfen keken, da sa hannun shaidu biyu. Satar keke ta dawo tun da ya sake yin daraja, takardar nan kariya ce gare shi in an tare shi, kariya ce gare ni. Haka na nemi a yi mini lokacin da na sayi nawa. Mai giyar kuma wani ɗan uwa ya so in ba shi bashi zuwa baɗi. Na ba shi haƙuri, domin kuɗin da shi zan cika in sayi wanda zan hau, kuma na ga zumuncin da bashin abin hawa ya ɓata. Wani ɗalibin sakandare ya saye shi kuɗi hannu.

Raleigh ne ya tsaya mini a wuya. Da na zauna na yi tunani, sai na ga ashe ba nawa ba ne ma. Ran da aka raba gadon Baba an yi gona, an yi gida, an yi dabbobi, shi kuwa keken aka bar shi a zaure babu wanda ya yi masa kuɗi, ni kuma da nake zaune a gidan na ci gaba da hawa har kowa ya ɗauka nawa ne. Irin wannan yana da yawa a gidajenmu: keke, rediyo, keken ɗinki, garma. Na aika aka kira Yaya daga gidan aurenta, na tara ƙannena, na ce ga abin da ake ciki, ni dai na daina hawansa, kuma haƙƙin kowa ne. Yaya ta daɗe tana kallon sirdin, wanda fatarsa ta lotsa daidai zaman Baba, sannan ta ce ita dai roƙonta kada ya bar gidan. Aka kira mai gyara da wani dillali suka yi masa kuɗi tsakani da Allah, ƙanena mai bi mini ya saya, liman ya raba kuɗin yadda shari'a ta tsara. Ƙanen nawa shekararsa 49, ƙafarsa tana wurguwa ta bayan sirdi ba tare da ya yi tunani ba. Na dai sa ya canja farantin baya tun yanzu.

Kuɗin kekuna biyun da rabona na ukun ya saya mini ɗan Japan mai taya 26, da sabuwar taya ta ajiya da na sa aka kawo daga Kano, da famfo. Ina zuwa makaranta cikin minti 35, tafiyar da a da nake yi a 25. Akwai wani yashi mai zurfi kafin a shiga garin, kamar taku ɗari biyu, nan sauka nake yi in tura. Taki da buhun gero kuwa amalanken maƙwabcina nake jira ran Lahadi da yamma, in biya shi kuɗin dako.